Kifi Na Ganinka, Mai Jar Koma

Ya ku 'yan uwa talakawa da 'yan kasuwa, maganarmu ta wannan mako ta kasuwa ce, amma kasuwar dare, wadda ke ci a bakin teku can birnin Akra na ƙasar Gana, garin da kakanninmu fataken goro suke kira Ankara. Kada wani ya ce ina ruwanmu da teku, mu da kifinmu daga Baga da Yawuri yake zuwa. Ruwan dai na gishiri ne, harshen kuma na mutanen Ga ne, amma abin da ke damun mai suyar kifi a can, duk mai tebur da mai rumfa a nan zai gane shi tun ba mu kai rabi ba.

Ga ra'ayinmu tun da wuri, don kada a ce muna kewaye-kewaye. In hukuma ta ce ta yi wa masunta aiki, to, ba ranar buɗewa ake zuwa dubawa ba, ranar da ake kafa rumfunan tamfol, a yi kiɗa, manya su yanke ƙyalle. A bari sai dare ya yi, a je inda mata ke suya, a leƙa cikin kasko. Girman kifin da ke ciki, da kuɗin da aka ce ka biya, da ko mai suyar tana zaune da kwanciyar rai ko kuwa ido ɗaya na kan mai, ɗaya na kan hanya don tsoron masu kora, waɗannan su za su gaya maka gaskiyar aikin.

Unguwar da muke nufi ita ce Jamestown, watau tsohon gari, wadda ita da maƙwabciyarta Ussher Town 'yan ƙasa suke haɗa su su kira Ga Mashie. Turawan Ingila sun gina gidan kagara a nan a 1673 suka sa masa suna James Fort. Na mutanen Holan, wanda yanzu ake kira Ussher Fort, ya riga shi, tun 1649. Ta waɗannan gidaje aka yi ta fitar da bayi zuwa ƙetare, daga baya aka mai da su kurkuku. A James Fort ɗin ne aka tsare Kwame Nkuruma a 1950, yana ciki ya ci zaɓen 1951, dole aka buɗe ƙofa aka sake shi ya zo ya shugabanci gwamnati. Ba a daina kulle mutane a gidan ba sai 2008. Kusa da shi ga wata doguwar hasumiya mai zanen ja da fari, mai fitila a ka don nuna wa jirage hanya da dare. Gindinta, in ka gangara, nan kwata take, watau inda masunta ke sauke kifi.

Da can nan ne ƙofar dukiyar garin. Manyan jirage ba su iya matsowa gaɓa, sai su tsaya can nesa, ƙarti su yi ta tuƙa buhunan koko cikin ƙananan jirage suna keta igiyar ruwa suna kai musu. Da aka buɗe tashar Takoradi a 1928 ciniki ya ragu, da aka buɗe ta Tema a 1962 sai ya tashi ɗungum. Kamfanoni suka kwashe, akawuna suka bi su, aka bar unguwar da tsofaffin benaye masu ruɓewa da masunta da matansu. Tun daga ran nan kifi ke riƙe da Jamestown.

Mun je, mun ci, mun biya da kuɗinmu, sabo da haka abin da za mu faɗi nan gani ne, gani kuwa ya kori ji. Da la'asar sakaliya in ka tsaya gindin hasumiya ka duba ƙasa, sai ka ga jiragen kwalekwale jere kamar an zuba, kowane da tutarsa, an rubuta masa addu'a ko habaici a haƙarƙari da fenti mai ɗaukar ido. Ba irin na Kogin Kwara ba ne. Daga gungume guda na wani itace da suke kira wawa ake sassaƙa gindinsa, ba dai wawan da muka sani ba, sa'an nan a ƙara katako a bisa, a ɗaura masa inji, babba yakan ɗauki mutum goma sha biyar ko fiye. Wasu na ɗinkin koma, wasu na loda jarkokin mai za su kwana a teku, yara na iyo tsakanin igiyoyin da aka ɗaure jiragen. Rana na faɗuwa sai wurin ya juya. Mata su fito da tebura da manyan kwanoni, a kunna fitilu, a hura gawayi, hayaƙi ya turnuƙe daga bakin hanya har cikin lungunan Bukom, unguwar da ta yi suna da 'yan damben zamani irin su Azumah Nelson da Ike Quartey. Iskar teku na kaɗawa, mai na tafasa, rediyo na ihu, ba ka jin maganar na kusa da kai sai ya ɗaga murya.

Sarkin abincin wurin shi ne dokunu, wanda mutanen Ga ke kira komi. Masara ake jiƙawa kwanaki, a niƙa, a bar ƙullun ya yi tsami, a dafa rabi a cuɗa shi da ɗanyen rabin, a cura, a naɗe da ɓawon masara, a dafa shi sa'o'i a cikin tukunya. Za a warware maka shi da zafinsa, a zuba maka barkono ɗanye da aka niƙa da tumatir da albasa, a gefe a sa baƙin yaji mai mai da suke kira shito, wanda ake haɗawa da garin busasshen kifi da na jatan lande, sa'an nan a ɗora soyayyen kifi. Da hannu ake ci, ba a tambayar cokali. Ɗan dakon da ya ci curi biyu da dare ba ya neman kome sai gobe da hantsi. Akwai banku da gasasshiyar karfasa, amma ita karfasar ta tafkin Bolta ce, ba ta teku ba. Akwai kelewele, watau nunanniyar agada da aka yayyanka aka cuɗa da citta da barkono aka soya, abin da ba kasafai ake ganinsa da rana ba. Akwai kuma wasu 'yan mitsi-mitsin kifi da suke yi wa laƙabi da 'yan makarantar Keta, don tafiyarsu tuli guda kamar yara an tashi daga makaranta.

Bahaushe ba baƙo ba ne a wannan kasuwa. Mai tsire da za ka gani a kusurwa da fitilarsa da ƙunshin yajinsa sau da yawa daga Nima ko Sabon Zango ya fito, in ka yi masa sallama da Hausa zai amsa. Abin da suke kira cicinga tsirenmu ne, waakye ɗinsu shinkafa da wake ce har sunan bai ɓace ba, kokon da suke sha da asuba da ƙosai kuwa da bakinsu suke ce masa kokon Hausa. Wanda yake son kasuwar dare mai tsari a wuri guda, sai ya bi gaɓa gabas 'yan mil kaɗan zuwa Osu, kusa da tsohon gidan kagarar mutanen Danmak inda gwamnati ta zauna har 2013. Can akwai tsohuwar kasuwa wadda ba ta ci sai rana ta faɗi. Shawara biyu ga mai zuwa. Akwai masu sayar da naman alade a tsakanin tebura, wanda ba ya ci ya tambaya, ba mai jin haushi. Kuma masuntan Ga ba su shiga teku ran Talata, al'ada ce tun kaka da kakanni, mai son kifin da aka kama yau ya zaɓi wata rana.

Baƙo yakan ɗauka kasuwar nan wurin shaƙatawa ce. Ga 'yan unguwa kuwa ita ce madafa. Gidajen Ga Mashie a cushe suke, iyali guda a ɗaki guda, ba wurin girki, kuma hura wuta don mutum biyu ya fi sayen dafaffe tsada. Ga shi kuma kifi ba ya jiran kowa. Abin da aka sauke aka kasa sayarwa ɗanye, in babu ƙanƙara, dole kafin gari ya waye ya shiga mai ko ya hau banda, in ba haka ba a zubar. Watau kasuwar dare ita ce ke tare asarar masunci, ita ce kuma ke ciyar da lebura da direba da ɗan gadi da kuɗin da bai fi ƙarfinsu ba.

Maza ke shiga teku, amma kuɗin a hannun mata yake. Uwar kifi, kamar yadda suke kiranta, ita ke ba da kuɗin mai da na guzuri kafin jirgi ya tashi, wata ma jirgin da injin duk nata ne. In an dawo, ita ke fara ɗauka, ta ba ƙananan mata bashi kwano-kwano, su soya ko su yi banda, su sayar, su kawo mata kuɗinta gobe. Duk ɗan kasuwar da ya taɓa karɓar kaya a hannun ubangida da safe ya kai balas da yamma ya san wannan sarƙa, ya kuma san in zobe ɗaya ya tsinke kowa sai ya ji a jikinsa. Matan nan ba jahilan sana'a ba ne. Murhun banda mai faifan waya hawa-hawa da ake kira Chorkor, wanda ya bazu ƙasashe da yawa na Afirka, sunan wata unguwar masunta ce yamma da Jamestown, inda aka gyara shi wajen 1969 tare da matan wurin da masanan abinci na Gana da hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Ya rage cin itace, ya ƙara yawan kifin da za a gasa a tashi guda.

To, yanzu mu leƙa kaskon. Kifin talakan Gana shi ne wanda muke kira shawa a kasuwanninmu. Yakan cika teku daga Yuli zuwa Satumba, lokacin da ruwan sanyi ke tasowa daga ƙasa da abincin kifi, daidai lokacin bikin Homowo na mutanen Ga. Tsofaffin mata za su gaya maka da can a wannan lokaci har rasa inda za a sa kifi ake yi. Yau abin da ke cikin mai sau da yawa bai fi tsawon yatsa ba, ko kuwa titus ne da kote na kwali, waɗanda aka sayo daga waje aka ajiye a ɗakin sanyi a Tema. Kana zaune kana jin ƙugin teku, kana cin kifin da ya zo daga wata ƙasa! Lissafi ma ya bi bayan tsofaffin. A 1996 an sauke shawa kimanin tan 135,000 a Gana. A 2016 abin da aka sauke kimanin tan 29,000 ne. Alhali kuwa ƙasar nan wajen kashi 60 cikin 100 na abin da mutanenta ke samu na nama daga kifi yake, kuma fiye da mutum miliyan 2 ke ci ta wannan hanya.

Ruwa ba ya tsami banza. Ina kifin ya tafi? Akwai manyan jiragen ƙarfe masu jan koma a ƙasan teku, waɗanda ba su kai 100 ba, ga kwalekwale kuwa wajen 12,000. Lasin ɗin da aka ba su na kifin ƙasan ruwa ne, shawa ta masu kwalekwale ce. Amma sai suka riƙa kwasar shawar da gangan, har da 'ya'yan da ba su isa yin ƙwai ba, su daskarar da ita falle-falle kamar allo, da dare wasu jirage na musamman su je tsakiyar teku su karɓo, su kawo gaɓa, galibi a Elmina. Wannan ciniki shi ake kira saiko, doka ta hana shi, amma shekara da shekaru a fili ake sauke shi. Ƙungiyoyi biyu, Environmental Justice Foundation da Hen Mpoano, sun bi sawunsa suka buga rahoto a 2019. Sun ce a 2017 kaɗai an sauke kimanin tan 100,000 ta wannan hanya, na fiye da dala miliyan 50. Sun ce tan 100 na kifin kwalekwale yakan ba mutum kamar 60 abin yi, na saiko kuwa ko mutum 2 bai kai ba. Ku dubi yadda abin yake. Masunci ya ƙone mai ya kwana a teku ya dawo hannu rabbana, matarsa ta ɗauki kuɗi ta je ta sayi allon ƙanƙarar da aka yi da kifin da ya kamata ya shiga komar mijinta. An sace maka akuya, an dawo an sayar maka da kai da ƙafa.

Na wane ne jiragen? Dokar su ta Gana ta 2002 ta ce irin waɗannan jirage na 'yan ƙasa ne kaɗai. A takarda haka abin yake, tutar Gana ce a kansu, sunan ɗan Gana ne a rajista. Amma binciken da ƙungiyar farko da muka ambata ta buga a 2018 ya nuna wajen 9 cikin 10 na jiragen, masu su na ainihi kamfanonin ƙasar Sin ne, ɗan ƙasa aron suna kawai ya bayar yana karɓar la'ada. Da ɗan gari a kan ci gari. Mu a wurinmu laifin mai aron suna da na wanda ya buga hatimi ya fi na baƙon da ya zo neman riba. A 2019 an kama wani jirgi mai suna Lu Rong Yuan Yu 956 da ƙananan kifi da koma mai ƙananan idanu, aka ci shi tarar dala miliyan 1. Bai biya ba, aka sabunta masa lasin, ya koma teku, a 2020 aka sake kama shi da irin laifin. A cikin 2019 ɗin ne kuma wani ma'aikaci da aka sa cikin wani jirgin don ya sa ido ya ɓace a teku, ba a sake ganinsa ba. Wace mai tebur ce za ta ƙi biyan kuɗin wuri na kwana ɗaya a bar ta ta kasa kaya gobe? Tarayyar Turai ta ba Gana katin gargaɗi a 2013, ta janye a 2015, ta sake ba ta a 2021. Sai bayan wannan na biyun aka tsananta, sauke saiko a fili a Elmina ya ja baya. Watau kukan dubban masunta bai isa ba, sai da mai sayen kifin gwangwani a Turai ya yi gyaran murya.

Ba za mu wanke masu kwalekwale tas ba, don in mun yi haka mun yi ƙarya. Akwai masu nutsa fitila mai ƙarfi cikin ruwa da dare don tara kifi, akwai masu koma mai idanu kamar gidan sauro, har da masu jefa nakiya da guba. Man injin da gwamnati ke sayar musu da rangwame, wanda suke kira firimis, an sha karkatar da shi, kuma kwamitocin rabonsa sukan canza in gwamnati ta canza, mai katin jam'iyya ya riga mai jirgi samu. Jiragen kansu sun yi wa tekun yawa. Masunci zai ce maka ya ga babba na kwasa ba a hana shi ba, shi don me zai bar wa gobe? Amsar ba ta da kyau, amma wanda ya bar babban ya kwasa ba shi da bakin tsawata masa.

Maganin da aka fara kawowa shi ne rufe teku don kifi ya yi ƙwai. An shirya a 2018, masunta suka tayar, aka fasa. An yi a 2019 daga tsakiyar Mayu zuwa tsakiyar Yuni. Daga 2021 aka mai da shi watan Yuli ga kwalekwale, Yuli da Agusta ga manyan jirage. Dabarar daidai ce, ko manomi yakan bar gona ta huta. Amma wata guda ba kifi, mai kamfani asusunsa zai taɓa, mai suya kuwa jarinta za ta ci. An raba shinkafa da man girki, kuma kowa ya san yadda rabon hukuma yake ƙarewa kafin ya kai ƙarshen layi. A 2025 aka ɗauke wa masu kwalekwale rufin aka bar shi kan manyan jirage. An yi murna a kwata, mu kuwa murnarmu rabi ce, domin shawa ba ta san an yi zaɓe ba, in ba a bar ta ta haihu ba ƙarewa za ta yi ko wa ke mulki.

Sai maganar sabuwar tasha. A watan Disamba 2018, Shugaba Akufo-Addo ya aza harsashin tashar masunta ta zamani a Jamestown, kyauta daga gwamnatin Sin, aikin kimanin dala miliyan 60. A watan Mayu 2020, annobar korona na tsaka, ana gaya wa mutane su zauna a gida, hukumar birnin Akra ta kawo katafila ta rushe ɗaruruwan bukkoki da rumfuna a bakin kwatar. Cikinsu akwai ɗakunan kwana, akwai murahun banda, akwai wuraren suya. A watan Satumba 2024 aka buɗe tashar, da katangar duwatsu mai karya igiyar ruwa, da kasuwar kifi, da injin ƙanƙara, da ɗakin sanyi, har da wurin renon yara. Ba mu ƙi ko ɗaya cikin waɗannan ba. Wanda ya ga yadda igiya ke farfasa jirage a gaɓa, ya ga kifi na ruɓewa don rashin ƙanƙara, ba zai ƙi su ba. Amma abin mamaki ne a ce ƙasar da ta gina maka wurin sauke kifi, kamfanoninta ne suka riga ka kwashe kifin. Kuma mu 'yan kasuwa mun san abin da sabon gini yake zuwa da shi: katanga, da ƙofa, da mai gadi, da lokacin rufewa, da takardar neman rumfa. Sau nawa muka ga an rushe tsohuwar kasuwa da alkawarin kowa zai koma wurinsa, ginin ya ƙare, rumfuna su faɗa hannun surukin wane da direban wane, su dawo su ba mai wurin na asali haya ninki uku?

Hujjar kora kullum ɗaya ce, wai ƙazanta. Ba mu ɓoye ba, gaɓar Jamestown ba ta da tsabta, ledoji da robobi sun cika yashi. Amma daga ina suke zuwa? Yamma kaɗan da unguwar ne bakin tafkin Korle yake, inda kogin Odaw ke kwaso dattin rabin birni ya juye cikin teku, igiya ta maido shi ƙafar masunta. Sharar masu benaye ce ake kora mai kasko a kanta. Ga kuma wani babban shiri da aka aza wa harsashi a 2017 mai suna Marine Drive, na mai da eka 241 ta gaɓar Akra wurin otal-otal da masu yawon buɗe ido. Baƙin da suka riƙa cika Jamestown lokacin bikin zane-zane na Chale Wote, wanda aka fara a 2011, ba otal ya kawo su ba, akwai shi a garinsu. Jiragen nan masu tuta da hayaƙin suyar nan suka zo gani.

Gaskiya dai a faɗe ta ko ga wanda ba a so. A 2025 an ga motsi. A watan Afrilu aka dakatar da lasin na manyan jirage 4 har shekara guda. A watan Agusta Shugaba Mahama ya sa hannu a sabuwar dokar su, wadda ta faɗaɗa ruwan da aka keɓe wa masu kwalekwale daga mil 6 na teku zuwa mil 12. Wannan shi ne abu mafi girma da aka yi wa masu kasko a shekarun nan, ya fi ginin dala miliyan 60 amfani in an tsare shi, domin nan kusa da gaɓa ne 'ya'yan kifi ke girma. Sai dai ba a shata layi a kan ruwa. Dokar 2002 ma kyakkyawa ce a takarda, a ƙarƙashinta aka yi saiko. Mil 12 yana bukatar jirgin sintiri mai mai a tanki, da alƙalin da ba a sasantawa da shi a bayan ɗaki, da ma'aikacin sa ido wanda zai kwana cikin jirgi ba ya tsoron a jefa shi ruwa. Kifi na ganinka, mai jar koma, masunta ma na ganinka, su ne ke teku da dare, kuma yawancinsu da waya mai ɗaukar hoto a aljihu. A karɓi hotonsu a matsayin shaida.

Sauran abin da muke nema ba mai tsada ba ne. A buga sunan mai kowane babban jirgi na ainihi, wanda ribar ke shiga aljihunsa, tare da tarar da aka ci shi da ranar da ya biya. A liƙa sunayen waɗanda aka ba rumfa a sabuwar tasha a bakin ƙofa, shugabannin mata masu banda da masu suya su duba su ce wace ce ta kwata, wace ce ba a taɓa gani da ƙamshin kifi a zane ba, waɗanda aka rushe wa wuri a 2020 su ne a gaba. A bar ƙofa a buɗe bayan magariba, a ja wuta da famfo da kwandon shara zuwa inda ake suya. Kuɗin wuri kuma a rubuta shi a allo da manyan baƙaƙe, a riƙa ba da rasit, yadda ba wani ɗan kamasho da zai zo da tsakar dare ya tsaya kan mace da kaskonta ya ce mata an ƙara.